Sunan da Na Sassaƙa a Matakalar Sin

Yadda na bar Gusau ba labari ba ne, kowa ya san yadda ake barin gida: a yi addu'a, a shafa, mota ta tashi. Labarin ya soma ne ranar da na sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari can cikin ƙasar Sin, jaka ɗaya a kafaɗa, 'yar takarda a hannu, na bi adireshin kamfanin da aka ce zan koyi aikin injin buga bulo, na tarar da gonar kabeji.

Sunana Lawali, birkila ne ni. A Rawayya aka yanke mani cibiya, ƙasar Bunguɗu, amma a Damba nake zaune cikin Gusau. In ba don kada a ce yabon kai jahilci ba, da na ce a zamanina ba a yi hannu kamar nawa ba. To ai na ma faɗa. Kuma ina da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa ba ni aiki ya sani: duk dakalin da na zuba, duk kwalbatin da na ɗaura, kafin siminti ya sha iska sai na ɗauki ƙusa na rubuta LAWALI BIRKILA RAWAYYA. Ka bi daga Tsafe har Bunguɗu ka duba bakin ƙofofin mutane, za ka gan ni. Matata Saratu takan ce da ana rubutu a kan tuwo, da na sa hannu a kowace malmala.

Wanda ya cuce ni wani dillali ne da ake kira Manaja, a birnin Gwanzu. Shi ya tarbe ni a filin jirgi da dariya har kunne, ya ce in kawo fasfo za a buga masa hatimi, ya sa ni a jirgin ƙasa ya ce fasfon zai biyo ni. Ni kuma, ƙaton banza, na miƙa. Da na tsaya gaban kabejin nan na kira lambarsa ta fi sau ashirin, wata mata ce kawai ke amsawa daga cikin wayar da yarensu. Nan na zauna a bakin hanya na ce, Lawali, kwaɗayi mabuɗin wahala, yau ka buɗe.

Kwana biyu na yi a tashar jirgin ina cin biskit, don tsoron kada in ci alade ban sani ba. Mutane na wucewa suna kallona, wasu su ɗauke ni hoto. A rana ta uku yunwa ta kore ni cikin gari. Ina tafe ina jan ƙafa sai na hangi rubutun Larabci a saman ƙofar wani shago, an rubuta halal. Na leƙa na yi sallama, wani mutum mai farar hula yana jan taliya da hannu ya ɗago ya amsa mani cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba.

Malam Yunusa ke nan. Ya taɓa yin tafinta ga 'yan kasuwar Larabawa kafin ya buɗe shagonsa, ni kuma na yi shekara uku ina aikin gini a Jidda, na tsinci Larabcin kasuwa. Larabcin namu duka gurgu ne, amma da shi muka rayu. Sai da na share kwano biyu kafin ya tambaye ni daga ina. Da ya ji labarina ya girgiza kai, ya cire rigar aikinsa, ya kai ni wurin 'yan sanda da kansa ya tsaya mani.

'Yan sandan ba su wulaƙanta ni ba. Sun ce in zauna hannun Malam Yunusa har ofishin jakadancinmu ya aiko da takardar komawa gida, amma da sharaɗi: kada in bar garin, kada in yi aikin albashi, kada a ji sunana cikin wata rigima. In aka ji, to wurin tsare baƙi za a kai ni, kuma wanda ya shiga can ba ya sanin ranar fita. A makon ne kuma Saratu ta kira ni. Ta ce Inna, mahaifiyata, ba lafiya, ƙafafunta sun kumbura, an kai ta asibiti a Gusau an maido ta Rawayya.

"Kullum sai ta tambaya ko ka taso," in ji Saratu. "Malam, don Allah ka lallaɓa ka dawo ta gan ka."

Daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai in isa Rawayya Inna na da rai.

Zaman jira ya fi dakon bulo wuya. Na wanke kwanoni, na share shago, na gyara wa Malam Yunusa murhu, har yanzu rana ba ta raba ba. Da ya ga zan haukace masa a shago, sai ya ɗaure burodinsu na turara a ƙyalle ya ce, "Kai wa tsohon matakala. Ka bi hanyar dutse, za ka ji ƙarar guduma."

Jama'a, ni da nake ganin dutsen Kwatarkwashi shi ne ƙarshen tsawo! Wannan kansa ma ba a gani, ya shige cikin gajimare. Kuma tun daga gindinsa har inda ido ya gaza, matakala ce ta dutse, ɗaya bisa ɗaya, tana nannaɗe shi. Na fara hawa ina ƙirgawa, na wuce dubu na rikice na bari. Da na juya na duba ƙasa sai na ga hadari a ƙarƙashin ƙafata, tsuntsaye na yawo ƙasa da ni. Na ce subhanallahi, na dafa dutse don jiri.

Amma ba tsawon ne ya fi kashe mani jiki ba, aikin ne. Na durƙusa na duba da idon mai sana'a. Babu siminti ko cokali ɗaya. Dutse ne aka sassaƙa aka zaunar kan dutse, haɗin ya kama har reza ba za ta shiga ba. Kowace matakala an ɗan karkatar da ita kaɗan yadda ruwa zai gangare gefe, ba mai lura sai wanda ya san gini. Na shiga neman sunan magini. Na duba gefe, na duba ƙarƙashi, na kai matakala ɗari ina dubawa kamar wanda ya yar da allura. Ko ɗigo babu.

A wata kwana na same shi. Tsoho ne siriri, ya ba saba'in baya, rigarsa shuɗiya ta koɗe, gashinsa a tattare a tsakar ka an soke da tsinke. Yana tsugune yana zaunar da wani dutse. Ya karɓi burodin da hannu biyu, ya sunkuya mani kamar ni ne babba, ya raba biyu ya miƙo mani rabi. Sa'an nan ya koma kan aikinsa. Na tsaya kallo. Da ya gama zaunar da dutsen, sai na ga ya ɗebo ƙasa da gansakuka ya jiƙa, yana shafa wa sabon dutsen, yana cusawa a haɗin, har ya koma kamar ya shekara ɗari a wurin. Na ce a raina, wannan tsoho lafiyarsa kuwa? Mu da muke shafa wa sabon aiki fenti don a hango shi daga titi!

Da na sauko na tambayi Malam Yunusa. Ya ce mutumin mabiyin Tao ne, kalmar na nufin hanya, tsohuwar koyarwa ce a ƙasarsu. Ya ce shekara arba'in ke nan hukumar dutsen ta bar masa kula da matakalar, shi kaɗai, ba ya karɓar komai sai abinci.

"To wa ya gina ta tun farko?" na tambaya.

"Irinsa," in ji shi. "Ba wanda ya san sunansu."

Washegari ban jira an aike ni ba. Na hau, na ɗauki guduma na nuna masa tafin hannuna. Ya shafa kantar da ke ciki, ya yi murmushi, ya matsa mani wuri. Ba albashi, don haka ban karya sharaɗi ba, ko kuwa haka na gaya wa kaina.

Mako shida na yi tare da shi, ba mu da yare ɗaya sai na guduma. Na zo ina ji da kaina, na tarar ban iya komai ba. Ni na saba in dutse ya ƙi zama in cika da siminti in danne shi. Shi kuwa sai ya juya dutse sau goma yana dubawa, ya bar shi ya zauna ta inda yake so, sa'an nan ya ɗan rage masa kaɗan. Ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba, kuma ban taɓa ganin aiki ya kwana ba. In ya ji mutane na tahowa sai ya tattara kayan aiki ya koma gefe cikin itatuwa har su wuce. In lokacin salla ya yi ya ga na tsaya, shi ke share mani wuri da reshe, ya juya baya ya zauna shiru har in sallame. Addininsa daban, nawa daban, bai taɓa ja na zuwa nasa ba.

Akwai 'yan dako da ke hawa da kaya zuwa shagunan saman dutsen, sanda a kafaɗa, kwando gaba kwando baya, kamar 'yan ga-ruwa. A cikinsu akwai wata dattijuwa da na laƙaba wa Gwaggo. Kullum in ta iso inda muke sai ta sauke, ta zaro lemo ɗaya ta danƙa mani, ta yi ta surutu tana dariya, ni ma in yi ta zuba mata Hausa. Ranar da kewar gida ta taso mani har na kasa cin abinci, ita ta lura, ta zauna kusa da ni ta ɓare lemon da kanta tana ba ni ɓari ɓari. Allah sarki, hannunta irin na Inna ne, duk jijiya.

Wata ranar da ba ciniki Malam Yunusa ya hau tare da ni, na samu bakin tambaya. Na ce ya tambayar mani tsoho don me yake ɓoye aikinsa. Tsohon ya yi dariya, ya yi magana gajeriya.

"Ya ce matakala mai kyau ita ce wadda mai hawa bai tuna da ita ba," in ji Malam Yunusa. "In mutum ya kai sama yana zancen kyan dutse da iska, aiki ya yi. In ya kai yana zancen matakala, to akwai inda ta dame shi."

Na ce, "To in ba a san ka ba, wa zai gode maka?"

Tsohon ya nuna ƙoramar da ke bin gefen hanya, ya tambaya ko na taɓa ganin ta tsaya jiran a ce mata sannu. Ni dai ban yarda ba. A raina na ce, wannan zancen wanda ba ya neman kwangila ne.

A mako na shida muka iso wata muguwar kwana, inda hanya ta tsuke, dama bango, hagu rami. Dutse ɗaya ya tsage a wurin. Tsohon ya miƙo mani ƙarfen sassaƙa, ya koma gefe ya zauna ya naɗe hannu. Kwana uku na yi a kan dutsen nan. Wallahi tun da na fara riƙe cokalin gini ban taɓa yin aiki kamarsa ba. Ya zauna daram, haɗin kamar an haife su tare. Tsohon ya taso ya hau kai, ya yi tsalle sau biyu, ya zuba ruwa ya ga inda ya bi. Na gyara tsayuwa ina jiran ko da ɗaga babban yatsa ne. Sai kawai ya ɗauki jakarsa ya wuce matakala ta gaba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A garinmu ko lebura ya kwaɓa siminti da kyau ana ce masa sannu da aiki. Ni Lawali, in yi kwana uku a durƙushe, a wuce ni kamar kututture? Da la'asar, da ya gangara ɗebo ruwa, na ɗauki guduma da ƙarfe na sassaƙa a tsakiyar dutsen, da manyan baƙaƙe yadda makaho ma zai shafa ya ji: LAWALI RAWAYYA. Na ɗauki hoto na tura wa abokaina na Gusau. Kafin in sauko har sun fara turo kirari.

Washegari ranar ziyarar ibada ce a wurinsu, tun da safe tsofaffi suka cika hanya. Na riga tsohon isa, na tsaya sama da kwanar don in ga yadda za a kalli sunana. Na farko ya iso, ya duba ƙasa, sai na ga ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Ta biyu ta raɓa ta gefen ramin tana dafa jikarta. Na uku ma ya tsallake. Ban gane ba, har ina jin daɗi, wai girmama ni ake yi.

Sai ga Gwaggo ta taho daga sama da kwandunanta cike da kwalabe. Kwandon gaba ya tare mata gani, ba ta ga rubutun ba sai da ƙafarta ta kusa sauka a kai. Ta janye ƙafar, ta miƙa ta zuwa matakala ta gaba, nauyin ya kwashe ta. Ƙarar da na ji ba ta kwalba ba ce kaɗai. Allah ya taimaka ta bangon ta faɗa, ba ta ramin ba, amma ƙafarta ta karye a ƙauri.

Ni na goyo ta har gindin dutse, tana nishi a kunnena, ina innalillahi. Da aka tafi da ita asibiti Malam Yunusa ya ja ni gefe, fuskarsa ba annuri.

"Kai ka yi rubutu a matakala?"

Na ce ni ne.

"Lawali, tsofaffinmu ba su taka rubutu. Kowane iri ne, ko ba su iya karanta shi ba. Tun suna yara aka hore su da haka."

Ni fa Inna ta raine ni da tsintar takarda a hanya in soke ta a danga, kada a taka sunan Allah. Abin da na sani tun ina tatata, shi na zo ƙasar mutane na shimfiɗa masu a ƙarƙashin ƙafa, a wurin da ba a iya kaucewa. Da na sani ƙeya ce.

Kafin azahar jami'an hukumar dutsen suka iso su uku, da ɗan sanda ɗaya, aka ce mu hau. Muka tarar da tsohon zaune kusa da dutsen, ya tattara fasassun kwalaben wuri ɗaya. Ba sai an yi bincike ba, baƙaƙen boko ne, kuma baƙin mutum ɗaya ne a garin. Ɗan sandan ya dube ni ya zaro littafinsa. Na ga Rawayya tana yi mani nisa, na ga ana ɗaukar Inna ba ni a wurin.

Sai tsohon ya miƙe. Ya tsaya tsakanina da su, ya sunkuya har gashinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya yi magana a hankali. Malam Yunusa na raɗa mani fassara.

"Ya ce duk dutsen da ke kan hanyar nan a wuyansa yake. Ya ce shi ya ba ka guduma, ba kai ka roƙa ba. Ya ce baƙo bai san al'ada ba, shi ya sani, kuma mako shida bai koya maka ba. Ya ce in ana neman mai laifi kada a wahala, ga shi."

Babban jami'in ya yi faɗa sosai, yana nuna tsohon da yatsa a gaban jama'a, mutumin da a haife ya haife shi. Tsohon bai ɗago ba. Ashe sun daɗe suna son ba ɗan kwangila hanyar ya zuba siminti da ƙarfen dafawa, ganin girman tsohon ne ya hana. Nan take tsohon ya ce ya sauka daga aikin, su ba wanda suka ga dama. Na buɗe baki zan ce ƙarya ne, bai san na yi ba, sai Malam Yunusa ya damƙe mani hannu har farcensa ya shige ni.

"Rufe bakinka," ya ce. "In ka yi magana za a tafi da kai, shi kuma ba za a maida masa aikin ba. Kada ka zubar da abin da ya ba ka."

Ɗan sandan ya gargaɗe ni kada in sake taɓa guduma, ya maida littafinsa aljihu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ganin girman ɗan Adam irin na ranar ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gudun a ce masa sannu, shi ne ya yi sauri ya tare laifi kafin ya iso kaina.

Kafin jami'an su sauka, tsohon ya roƙi a bar shi ya gyara wurin kafin a sake faɗuwa. Na zaci zai farfasa dutsen. Sai ya sa ƙarfe ya ɗaga shi, ya yafito ni na kama masa, muka kifa shi, rubutun ya koma ƙasa. Ya ɗan rage bayan, ya zaunar, ya shafa ƙasa da gansakuka. Na durƙusa a gabansa na ce Malam Yunusa ya gaya masa ya yafe mani, na raba shi da aikin ransa.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Malam Yunusa ya saurara ya ce, "Ya ce dutsen ya zaunu, tun jiya ya gani, bai san kana buƙatar a faɗa maka ba. Ya ce sunanka na nan, zai ɗauki mutane shekaru, sai dai ba zai sa kowa tuntuɓe ba."

"Aikinsa fa?"

"Ya ce shi ma ya fara jin daɗi in an ce tsohon matakala. Wannan ma suna ne, ya daɗe yana sassaƙa shi bai lura ba. Ya ce kai kana da uwa tana jira."

Malaminmu na Damba ya sha karanta muna babin riya da ikhlasi, ina gyaɗa kai ina tunanin kwangila. Sai da na ƙetare duniya na ga abin da ido, a jikin mutumin da bai taɓa jin sunan babin ba. Gani ya kori ji.

Ban gama mamaki ba. Washegari da safe na same shi a gindin dutse, sandar Gwaggo a kafaɗarsa, an cika kwandunan. Ashe in ɗan dako ya yi kwanaki bai zo ba, wani ake ba layinsa. Tsohon ya shirya da shugabansu cewa zai riƙa hawa da kayanta, ladan a kai mata gida, kada a gaya mata wane ne. Na ga ƙafafunsa na karkarwa tun a matakala ta goma. Na sha gabansa na sa kafaɗata. Ya ƙi, na ƙi, har muka raba, shi kwando ɗaya a baya, ni ɗaya a ka irin namu. Kwana goma sha tara muka yi haka. Muna wuce leburorin ɗan kwangila suna kwaɓa siminti a kan aikinsa, ni ina ta jin haushi, shi kuwa har tsayawa yake ya nuna masu inda ruwa ke bi.

Na je gaida Gwaggo sau biyu. Na sa Malam Yunusa ya gaya mata ni na yi rubutun. Ta harare ni, ta ɗaga sandarta kamar za ta maka mani, sa'an nan ta tura mani lemo. Zancen kwanduna kuwa na haɗiye shi. Shi ne aiki na farko da na yi a rayuwata ban faɗa ba, kuma wallahi ya yi mani wuya kamar riƙon fitsari.

Ranar da takardata ta iso, motar da za ta kai ni tasha sai azahar. Na ja Malam Yunusa muka hau neman tsohon. Ba mu yi nisa ba muka same shi, ba a kan matakala ba, a cikin lambatun gefenta, ruwa har idon sawu, yana kwashe ganye da hannu don kada damina ta cika shi. Ba wanda ya sa shi. Na ce Malam Yunusa ya tambayar mani sunansa na yanka, in tafi da shi gida. Tsohon ya yi murmushi ya miƙo mani bokiti in riƙe masa.

"Ni ma ban sani ba," in ji Malam Yunusa. "Shekara ashirin ina aika masa burodi. An ce ya bar shi a ƙasa ranar da ya hau."

Na riƙe bokitin har ya cika, na zubar, na dawo da shi. Ya dafa kafaɗata ya nuna mani hanyar gangara. Da na kai kwana na waiwaya ko zai ɗaga mani hannu, sai na hangi bayansa kawai, ya riga ya sunkuya.

Daga Kano na shigo motar Gusau, muka wuce Tsafe ban ko sauka shan ruwa ba. Ban biya Damba ba, na zarce Bunguɗu, na hau mashin zuwa Rawayya. Na tarar da mutane zaune a ƙofar gida, gabana ya faɗi, sai Saratu ta fito da kwano ta ce, "Shiga, tana nan."

Inna na kwance a kan tabarma, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce in ba ta labari. Na ba ta duka, ban rage laifina ba. Da na kai wurin da tsohon ya tsaya a gabana, ta sa aka tashe ta zaune.

"Wanga mutum shi ya maido mani kai," ta ce. "Mi ne ne sunanai, in sa shi addu'a?"

Na ce, "Inna, ban sani ba. Ba wanda ya sani."

Ta dube ni. Sa'an nan ta ɗaga tafukanta da ƙyar.

"Kama mani hannu su tsaya," ta ce. "Wanda za mu roƙa ya san shi."